Furen Holan a Tukunyar Kawu Idi

Tun da na dawo daga Holan ban sami sakat ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tashar Ƙanƙara sai tambaya ta taso. Wai da gaske ne rana ba ta fitowa a can? Me kuka ci? Ina tsarabarmu? Na ba da amsa guntu-guntu har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni malamin gona ne, na ajiye aikin gwamnati na koma kula da gonar Alhaji Mamman ɗan kwangila, wadda ke tsakanin Faskari da Sabuwa. Kun san yadda zamanin nan yake, kuɗin mai ya faso, wanda jiya yake kan jaki yau yana neman inda zai ajiye mota. Wani Bature injiniya da suka yi aikin kwalbati tare ya gaya wa Alhaji cewa a ƙasarsu ta Holan fure ake nomawa a sayar kamar yadda muke sayar da auduga, ya kuma ba shi kalanda mai hotunan furanni. A ciki akwai wani mai dunƙulallen kai kamar curin dawo, shuɗi shar. Turawan Ingila suna ce masa haidiranjiya, mutanen Holan kuma hortensiya. Alhaji ya ɗora yatsa a kansa ya ce wannan zai noma a Faskari, kuma ni zan raka shi mu gano kasuwarsa, tunda ina ɗan jin Turanci.

Kafin mu tashi na je Ƙetare yin sallama da Kawu Idi. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma marini ne. Na taso ina ganin hannuwansa shuɗaye har gwiwa, in ya shafa kaina sai an wanke mini goshi. Amma atamfa da shadda na kanti sun cika kasuwa, ba mai kawo saƙi rini kuma, karofin Ƙetare ya bushe har awaki na faɗawa cikin ramukan. Hannun Kawu ya koɗe, shuɗin ya saura a gefen farce kawai. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. A lokacin in an fito da shi rana yana iya bambanta launi, amma kowa ya san abin gaba yake yi.

Na nuna masa kalandar. Ya kai ta har kan hancinsa ya daɗe yana dubawa.

"Lawali, wanga tawada ce ta masu buga takarda," in ji shi. "Ni na tsuhwa cikin shuɗi. Ganyen baba kore ne, mu ke hiddo mashi da shuɗi, da toka da haƙuri. Ba wani hure da ke tsirowa da shuɗi haka da kanshi."

"Kawu, an ce akwai."

"To in akwai, ka kawo mani in gani da idona tun yana gani. Ban son rediyo, ban son agogo."

Na ce na ji. Daga wannan rana tafiyar ta rabu biyu a zuciyata, Alhaji yana neman kasuwa, ni ina neman abin da zan nuna wa Kawu kafin idonsa ya rufe.

Bayan an gama girbi muka kama hanya. Daga Faskari muka bi ta Funtuwa muka nufi Kano a sabuwar motar Alhaji, wadda bai yarda a cire ledar kujerunta ba, ga zafi, duk inda ka motsa sai ka ji kamar ana ɓare ka daga jikinta. Hajiya, matar Alhaji, ta cika mana jaka da kilishi da dakuwa da yaji, don ta ji an ce mutanen can ba su san gishiri ba. A jirgi Alhaji ya duƙufa jan carbi. Ni kuwa na leƙa taga na ga gajimare a ƙasa da mu, na rufe tagar ban ƙara buɗewa ba.

A filin jirginsu ne muka yi asarar farko. Wani kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakar Alhaji ya ƙi tashi. Jami'in da ke riƙe da shi ya buɗe, ya ɗago fallen kilishi yana juyawa, ya tambaya ko fata ce. Na ce nama ne. Ya ce cikin ladabi dokarsu ta hana shigo da nama. Alhaji ya ce in gaya masa ya ɗanɗana tukuna. Bai ɗanɗana ba, kilishin kuma bai biyo mu ba. Dakuwa ta tsira saboda na ce gyaɗa ce, yaji kuwa da ya shinshina sai ya yi ta atishawa, ya mayar mana da sauri.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne a wani ƙaramin gari kusa da kasuwar furen. Matakalar benen ta fi tsanin rumbu tsaye, babbar rigar Alhaji ta harɗe shi tun a hawan farko, daga nan kullum sai ya naɗe ta a kafaɗa kamar mai shirin dambe. Ba buta a bayi, sai da muka mayar da wata tukunyar shayi buta, tsohuwar ta yi ta nemanta ba mu ce komai ba. Alƙibla ma ta ba mu wuya, don sama a rufe take kamar an kifa ƙwarya, sai da wani Baturke mai sayar da burodi ya nuna mana. Abinci kuwa, safe burodi da cuku, rana burodi da cuku, yamma dankali da aka dafa da ruwa zalla. Nama ba mu taɓa ba don tsoron ba yankan Musulmi ba ne. Wata rana aka miƙo mana ɗanyen kifi da albasa, wai a kama wutsiya a ɗaga kai a saka a baki. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam Lawal, ce masu muna azumi." Ban taɓa kewar miyar kuka irin ta wannan lokaci ba, har mafarkinta na yi.

Mutanen ba su da laifi, sai dai ba su san gaisuwa ba. Ka haɗu da mutum a ƙofa ya ɗaga maka gira ya wuce, bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba. An ce ko ɗan'uwanka za ka ziyarta sai ka sanar tukuna an sa maka rana. Amma na lura da abu ɗaya, ba mai shiga gidan wani hannu sake. Yadda muke riƙa goro, haka suke riƙa fure. Haihuwa fure, aure fure, asibiti fure, mutuwa ma fure. A nan na fara gane dalilin da zai sa a noma abin da ba a ci, ba a jiƙa a sha, ba a ba dabba.

Kasuwar kanta rumfa ɗaya ce, amma in aka zuba kasuwar Ƙanƙara da ta Sabuwa a ciki sai an nemi inda suka shiga. Da sassafe ake turo furanni a kan amalanke na ƙarfe, jere da jere. Masu saye suna zaune a kujeru hawa-hawa, gabansu wani ƙaton agogo a bango. Mu a wurinmu mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta hawa har a daidaita. Su kuwa daga sama farashin ke farawa, hannun agogon yana saukowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Ba dillali, ba rantsuwa, ba a tashi a yi kamar za a tafi a kira ka ka dawo. Kafin ka gyara zama an sayar da amalanke an turo wata. Aka ce kafin rana ta faɗi waɗannan furanni suna Jamus da Faransa da Ingila, wasu ma sun hau jirgi sun tsallaka teku. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yo wanga ai ba ciniki ba ne, tsere ne. Mutum bai ko gaisa da mai kaya ba?"

Ni ban ji sauran maganarsa ba, don a lokacin aka turo amalanken hortensiya. Wallahi ba tawada ba ce. Wasu farare, wasu ja-ja, amma na tsakiya shuɗaye ne, irin shuɗin da zane ke yi in an tsoma shi sau ɗaya an shanya. Sai na ji ƙamshin karofi a hancina alhali furen ba shi da ƙamshi ko kaɗan. Na tuna Kawu a tsaye da muciya, na tuna yadda yake kai takarda kan hancinsa, hawaye suka zubo mini a gaban Turawa. Alhaji ya zaci sanyi ne ya miƙo mini hankici.

Mai waɗannan furanni wani dattijo ne, Hendirik, dogo, mai kaushin hannu irin na manoma. Ya gayyace mu gonarsa, wadda duk ɗakunan gilashi ce, ciki da ɗumi kamar ɗakin mai jego. Da ya ji daga Nijeriya muke sai ya yi dariya ya ce ashe mu ne muka hana shi barci. Man da ya yi tsada ya cika mana aljihu, shi ne yake ƙonawa ya ɗumama ɗakunan nan, kuma tsadar ta sa maƙwabtansa da dama sun rufe nasu. Ya ce asalin furen daga Japan aka kawo shi. A da a tukunya ake sayensa, a kai wa iyaye mata in sanyi ya wuce, yanzu kuma masu biki sun fara son a yanko musu shi da dogon kara. Shuɗin ya fi tsada don ya fi wuyar samu, har wasu 'yan kasuwa kan ɗauki farin su tsoma a rini. Da ya faɗi wannan sai ya yamutsa fuska. Ya ce yana ganin nan gaba noman zai koma ƙasashen da rana take kyauta.

Da na fassara wa Alhaji sai ya miƙe zaune. "Rana? Ce mashi mu tamu har ta yi mamu yawa!"

Hendirik ya tambayi yadda Faskari take, na gaya masa gaskiya. Ya girgiza kai. Ya ce abin da ake nema rana ce marar zafi, ta kan manyan duwatsu irin na gabashin Afirka ko kudancin Amurka, da ruwa ba yankewa, da jirgin sama kullum a kusa. Wannan fure in ya yini bai sha ba sai ya kwanta. Alhaji ya leƙa waje inda shanun maƙwabta ke kiwo da hantsa har ƙasa. Daga ranar bai ƙara maganar fure ba, sai ta shanu.

Ni na koma wurin Hendirik ni kaɗai na ba shi labarin Kawu. Matarsa ta kawo gahawa da biskit ɗai-ɗai, ta rufe gwangwanin ta mayar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce mahaifinsa ma da ido ya fara. Ya ce furen da ya riga ya buɗe ba zai kai Ƙetare da rai ba. Ya shiga da ni ɗakin sanyi, inda tukwane suke jere cikin duhu, kowace da 'yan sanduna tsirara ba ganye. Ya ce barci suke, a haka manoma ke aika wa juna su daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma furen yana nan a naɗe cikin idon sandan, in ya ji ɗumi zai farka. Ya ba ni ɗaya, ya ƙi karɓar ko kwabo. Sannan ya gaya mini sirrin launin. Ba daga iri yake ba, daga ƙasa yake. In ƙasa na da tsami furen ya yi shuɗi, in ba ta da shi ya yi ja-ja. Ya nuna mini abin da suke jiƙawa su zuba, sai na ga alif ne, wannan da matanmu ke sa wa ruwa ya kwanta. Ya riƙe hannuna ya ce a ajiye shi a inuwa, ruwa safe da yamma, alif kaɗan-kaɗan, kuma kada toka ta kusance shi.

A jirgin dawowa kowa da rediyo da talabijin da akwatuna, ni ina rungume da tukunya a cinya. A Kano jami'in da ya duba kayana ya kalli sandunan ya kalle ni ya ce, "Malam, ka je har Turai ka dawo da asuwaki?" Har na bayana suka yi dariya. Ban damu ba, ko gida ban biya ba na wuce Ƙetare.

Na tarar idon Kawu ya ƙara ja baya, sai na yi magana ya gane ni. Ya shafa sandunan ya ce, "Shi ke nan huren?" Na ce barci yake, ya ba shi wata biyu ko uku. Ya ce, "To Allah shi sa idona ya jira shi." Muka ajiye tukunyar a gindin mangwaron tsakar gida. Na ba Inna Rakiya, matarsa, alif, na maimaita duk abin da aka gaya mini, har da maganar toka. Kawu ya ce, "Mi? Shuɗi ba toka?" Na ce haka mai shi ya ce. Ya gyaɗa kai.

Na koma bakin aiki a Faskari, amma hankalina yana gindin mangwaron nan. Duk ranar da na sami sarari sai in hau babur in je. Sanyin hunturu ya taimake mu, sandunan suka fitar da ganye masu faɗi, sannan wasu 'yan dunƙule kore a tsakiya. Furen na ƙaruwa, idon Kawu na raguwa, ni kuma ba abin da zan iya yi wa ko ɗaya daga cikinsu. A zuwana na kusa da ƙarshe na ɗaga yatsu a gabansa, ya ce yana ganin inuwa dai tana motsi. Na fita ƙofar gida na daɗe a tsaye.

Sai aikin shanun Alhaji ya riƙe ni a Sabuwa na ɗan lokaci. Ranar da na samu na zo, tun daga zaure Inna Rakiya ta tare ni, ta ce furen ya buɗe, amma ba ta kalle ni ba. Na shiga. Kawuna biyu ya yi, manya, masu kyau, ja-ja kamar cikin gwaiba. Na duƙa na tona ƙasar tukunyar da yatsa, sai ga toka fari fat.

"Na hana shi," in ji Inna a hankali. "Kullum da sahe sai ya lallaɓo da ruwan toka. Wai Bature bai hi shi sanin shuɗi ba."

Kawu yana zaune a tabarma, fuskarsa na kallon inda ya ji muryata. Ya ce in kai shi. Na kama hannunsa na ɗora a kan furen, ya shafa shi a hankali, ya kai fuskarsa har ganyen ya taɓa masa gira, ya ja da baya.

"Ban gani, Lawali. Idon ya riga ya tahi. Kai za ka hwaɗa mani, kuma ban son ƙarya. Shuɗi ne?"

"A'a, Kawu. Ja-ja ne."

"Tokar ce?"

"Ita ce."

 Sai ya yi 'yar dariya. "Ashe akwai shuɗin da ba ya son toka. To wanda ka gani can, yaya yake?"

Na ce kamar tsomin farko, in an shanya iska ta buge shi. Ya ce, "Na gane shi." Sannan ya ɗaga murya, "Rakiya, ina sauran shunin nan da na ce kar a zubar?"

Ramin karofi ya fi ƙarfinsa yanzu, don haka a tsohuwar tukunyar ƙasa ya haɗa. Da hannu yake auna komai, da hanci yake gane inda aka kai. Na aika wa Alhaji cewa ba zan dawo ba sai an kwana biyu. Kullum Kawu yana zaune gaban tukunya da guntuwar muciya yana motsawa, har wannan wari da na taso cikinsa ya sake cika gidan, tsofaffin unguwa suka riƙa leƙowa suna tambaya ko an buɗe karofi ne. Ranar da kumfa ta taso ya shinshina ya ce ta nuna, in yanko masa kan fure ɗaya.

Na tuna yadda Hendirik ya yamutsa fuska, na kuma yanko na miƙa masa. Ya yi bisimilla ya nutsa furen har wuyan hannunsa, ya riƙe shi a ciki yana juyawa. Da ya ɗago, furen ya fito kore-kore yana ɗiga. Ya ɗaga shi sama inda iska ke kaɗawa, ni da Inna muna kallo, launin yana sauyawa daga gefe yana shiga ciki.

"Ya juya?"

"Ya juya, Kawu."

"Ya kai na Turawan?"

"Ya fi nasu duhu."

"Ai na san za a yi haka. Nasu tsomi ɗaya ne." Ya kai hannun nan da ya koma shuɗi kusa da hancinsa ya shaƙa, sannan ya laluba ya kama kaina kamar yadda yake yi ina yaro. "To mun yi raba daidai, Lawali. Ka gano mani nasu, ga nawa ka gani."

Da bazara ta shigo zafi ya kashe shukar, kamar yadda Hendirik ya faɗa. Kan da aka rina ya bushe, yana rataye a ɗakina a Faskari, duk wanda ke neman tsarabar Holan ya zo ya gani. Ranar da aka yi rinin kuwa, da zan hau babur Inna ta biyo ni da ruwa a ƙwarya ta ce in tsaya in wanke goshina, shuni ya ɓata shi. Na ce ta bar shi, haka na tafi da shi.